Wankan Jegon Yaya a Tsibirin Masunta

Shekarar da yayata ta yi haihuwar fari, mijinta yana aikin asibiti a wani ɗan tsibiri can bakin teku, inda aka tura shi bayan an gama yaƙi. Mu muna Unguwar Shanu a Kaduna, ina ajin ƙarshe a sakandare. Da labari ya iso, Inna ta ce ba wanda zai yi wa 'yarta wankan jego sai ita. Baba bai samu hutu a ofis ba, sai aka haɗa ta da ni.

Jirgin ƙasa muka bi har ƙarshen layi, sai mota, sai kwalekwale mai inji. Inna ta zauna tsakiyarsa rungume da ƙullin kanwa da daddawa, ba ta daina salati ba har muka sauka.

Tsibirin ko keke babu. Gidajen katako ne a kan ginshiƙai, ko'ina hayaƙin bandar kifi, ruwan sha kuwa sai na sama da ake tarawa a duro. Washegari da hantsi Inna ta leƙa taga, ta ga ruwan teku ya janye, sai laka da kwalekwale kwance a kai. Ta kira ni hankali tashe, wai ruwa ya gudu, ta ina za mu koma gida? Yaya ta yi dariya har jaririn ya farka.

"Inna, da la'asar zai dawo. Kullum haka yake yi."

Ba ta yarda ba. Ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna jiransa, sai da ta ga ya dawo sannan ta ci abinci.

Maƙwabciyar Yaya wata tsohuwa ce mai bandar kifi. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin yarensu. Ta ga Inna tana ta neman ganyen wanka ba ta samu darbejiya ba, sai ta shiga daji ta karyo irin wanda su suke yi wa mai jego. Inna ta shinshina, ta gyaɗa kai, ta zubo mata kunun kanwa. Tsohuwar ta kurɓa ta yamutsa fuska, amma tas ta shanye.

Ranar da ta kawo mana ƙaguwa a kwando, suna ta motsi, Inna ta ja da baya. Ta aike ni in tambayi surukinta ko ana ci, don ita ba ta iya yi masa magana ido da ido. Ya ce halal ce. Ta ce to, sai dai a dafa can waje. Da aka sauke, ita ta fi kowa ci.

Kafin a yi arba'in, kullum da safe Inna tana wajen banda tana juya kifi, su biyu suna hira da hannu suna ƙyaƙyatawa. Ranar tafiyarmu, mun riga mun shiga kwalekwale, tsohuwar ta shigo ruwa har gwiwa, ta ɗora wa Inna kwandon busasshen kifi a cinya. Muna isa Kaduna Inna ta rarraba shi gida-gida a layinmu, duk inda ta shiga sai ta zauna ta ba da labarin ƙawarta.