Muciyar da Na Zo da Ita Daga Gida

Ni ban iya shekara da lamba ba. Abin da na riƙe shi ne, wannan magana ta faru bayan gyaran takardun da aka yi wa baƙi, wanda ya kwashe rabin maƙwabtanmu na unguwar Mansur a nan Makka, kuma kafin shekarar da injin gini ya faɗo a Harami. A tsakanin nan ne 'yata ta biyu ta haifi tagwaye, ni kuma na cika aikin Hajji shida ina tuƙa wa wani kamfani tuwo.

Kamfanin ciyar da alhazai ne. Madafarsu tana unguwar Ka'akiyya, daga nan ake lodin abinci a kai masaukan alhazai da ke unguwar Jarwal. Alhazan ƙasarmu ba sa jure shinkafar Larabawa fiye da kwana uku, shi ya sa aka nemo mu, mu goma sha bakwai, duk mata. Ni ce babbar tuwo. Sun ba mu wani faffaɗan ƙarfe wai mu tuƙa da shi, muka gwada rana ɗaya, tuwo ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Washegari kowace ta zo da muciyarta. Tawa daga Kano aka sassaƙo mini, hannuna ya ci jikinta har ta yi santsi. In an tashi aiki mu wanke, mu rataye su a bango, kowa ta san tata.

Takardar da muka dangwala wa yatsa cewa ta yi mu mata ne masu sana'ar kanmu, muna dafawa muna sayar wa kamfani. Da aka karanta mini, daɗi na ji. Ubana bai taɓa yi wa kowa ƙodago ba, mijina har ya rasu ɗinkinsa yake yi a shagonsa. Duk wadda ta tambaye ni a unguwa sai in ce kwangila nake yi, ni ba 'yar aikin kowa ba ce. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a gidan biki. Rannan mai duba aikinmu, wani saurayi Bamisire, ya ɗaga mini murya, na ce masa a gaban kowa ya sani ba a ƙarƙashinsa nake ba. Mata suka yi guɗa. Bayan guɗar na koma na yi abin da ya ce.

Akwai wata mutuniyar Damagaram da muke tukunya ɗaya da ita. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, don haka ba ta kirana da komai sai baiwata. Ana saura kwana huɗu hawan Arfa, da hantsi, muna sauke tukunyar talge, santsi ya kwashe ta. Talgen ya bi ƙafafunta biyu daga gwiwa zuwa ƙasa.

Asibiti sun karɓe ta, sun wanke, sun ɗaure. Amma likita ya ce ƙafar dama sai an yanko fata daga cinya an dasa, in ba haka ba za ta ƙandare, ba za ta ƙara miƙewa ba. Aka nemi sunanta cikin ma'aikatan da kamfani ya yi wa inshora, babu. Manaja ya ce yana jajantawa, amma mai sayar da abinci ce ta ƙone a kan sana'arta.

Na je duba ta. Tana kwance an tokare mata mayafi da wani kwando don kada ya taɓa ciwon.

"Baiwata, sai yanzu kika ga damar zuwa gaida uwargijiyarki?"

Na ce ai ga abin da rowa take jawowa, talgen alhazai ma sai da ta nemi tafiya da shi gida. Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce in tambayo mata ko gurguwa tana samun aikin tuwo.

Direban motar da ke ɗaukarmu, wani dattijo Basudane, shi ya ce mu kai ƙara ofishin ƙwadago, kuma kada mu je ɗai-ɗai, mu haɗa kai takarda ɗaya. Shida daga cikinmu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ko ƙofar ofishin ba za su iya bi ba. Mu sha ɗaya muka dangwala, har da mai ciwon, a kan gadonta.

Bayan alhazai sun watse aka kira mu zaman sulhu. Jami'i yana tsakiya, mu muna gefe, lauyan kamfani da Bamisiren suna ɗaya gefen. Lauya ya fito da hoto ya ajiye a kan tebur. Muciyoyinmu ne rataye a bango. Ya ce ma'aikaci da kayan kamfani yake aiki, waɗannan kuwa da kayansu suke zuwa, sun ma ƙi na kamfanin. Sannan ya ce shugabarsu da bakinta ta shaida ba a ƙarƙashin kowa take ba, ga wanda ta faɗa wa. Duk matan suka sunkuyar da kai. Sun san gaskiya ne, su suka yi guɗar.

Jami'in ya juyo gare ni. Shekara talatin da wani abu ina garin nan, ba na buƙatar tafinta.

"Hajja, kin faɗi haka?"

"Na faɗa."

"To wa yake sa miki lokacin zuwa da na tashi?"

Amsar tana bakina. Abin da zan faɗa, matan nan ma ba duka suka sani ba, don na iya rufe abina. Sai na fara. Na ce mota ce take zuwa, in ka makara ta tafi, ranar ta tashi a banza. In mun shiga ana kulle ƙofa, mabuɗi yana aljihun wannan yaron. Gishirin miya shi yake aunawa, ni da na yi shekara hamsin ina miya. Na ce ranar da aminiyata ta rasu, wadda muka hau jirgi ɗaya da ita muka zo ƙasar nan, na roƙe shi awa biyu in je a yi mata wanka da ni, ya hana. Na bi shi har bayan ɗakin sanyi inda ba mai ganina, na durƙusa masa, sa'an ɗan autana. Ya ce in na fita kada in dawo. Na koma na ɗauki muciya. Da mata suka tambaye ni, na ce musu ni ce na ga bai kamata in bar tuwon alhazai ba.

Bamisiren bai musa ba, yana ta kallon hoton.

Jami'in ya ce to muciyar fa. Na ce muciya tawa ce, in ita ke mai da mutum mai kansa, su ba ni tukunyar da murhun da mabuɗin in tafi da su gida. Ya ɗan murmusa, ya ce yana son ya rubuta da kalmata, mece ce ni a wurin nan.

"Rubuta 'yar aiki."

Sai da aka ƙara zama biyu kafin a daidaita. Kamfani bai yarda ya yi laifi ba, haka aka rubuta, mu kuma muka dangwala cewa ba za mu sake tada maganar ba. Suka ɗauki nauyin dashen fata da duk jinyar da ta biyo baya, suka sa sunayenmu sha ɗaya cikin ma'aikata tun daga shekarar da kowace ta fara. Shidan da ba su da takarda, ba a ambace su a zaman ba, da lokacin Hajji ya zagayo kuma ba a kira su ba. Wannan yana cikin abin da sulhun ya jawo, ba zan ɓoye ba.

Labarin durƙuson ya riga ni isa Mansur. Na yi wata biyu ban je taron kowa ba, daga baya na gaji na fita. Mutuniyar Damagaram ta yi wata biyar kafin ta taka ƙasa. Ƙafar ta miƙe, sai dai ba ta lanƙwashewa sosai, a kan kujera take salla.

Cikin mu sha ɗaya, huɗu sun rasu, a nan aka binne su. Uku sun koma gida wurin 'ya'yansu, biyu daga ciki muna gaisawa ta waya. Direban ya rasu a garinsu. Cikin shidan nan, ɗaya tana sayar da ƙosai a bakin titinmu, muna gaisawa sama-sama, sauran ban san inda suke ba. Cikin mu sha ɗayan, waɗanda suka rage a Makka mu huɗu ne: ni, da wasu 'yan'uwa biyu Sakkwatawa a Jarwal, da mutuniyar Damagaram, tana Ka'akiyya wurin ɗanta, da ƙafarta take zuwa kasuwa.