Masu Sauraron Gwaggo

Ina cikin mutanen farko da suka buɗe shafin waƙoƙi a intanet a Yelwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Lokacin ina koyarwa a firamare. In an tashi daga makaranta sai in hau kabu-kabu zuwa shagon intanet na bakin kasuwa, in zauna gaban kwamfutar da kafin ta buɗe shafi ɗaya ka ci gyaɗa ka ƙoshi.

Abin da nake sakawa a shafin waƙoƙin Gwaggo ne, yayar mahaifina, wadda ke zaune a wani ƙauyen masunta a ƙasar Ngaski. Tana budurwa ruwan Kainji ya cinye garinsu na asali, aka tashe su zuwa tudu. Waƙoƙinta na wancan garin ne: mashayarsa, tsamiyoyinsa, da wuraren da masunta ke jefa birgi su kama kifi. Ban san wani mai rai da ya riƙe su ba sai ita. Da ƙyar ta bar ni na ɗauki kaɗan a waya, sauran kuwa ta hana.

"In akwai masu saurare, in ƙara maka," in ji ta. "In babu, ba ni ɓata bakina a yi mani dariya."

A gefen shafin akwai wani ɗan akwati mai nuna yawan waɗanda suka leƙo. Wannan akwatin ya ci mini rai. Kullum sai na duba shi, kullum kamar an ɗaure masa ƙafa. Waɗanda ke leƙowa a rana ba sa wuce a ƙirga a yatsu, kuma ina zargin rabinsu ni ne. Duk zuwan da zan yi ƙauye Gwaggo sai ta tambaya, "Mutum nawa sunka ji?" Ni kuma in faɗa mata yadda abin yake. Sai ta taɓe baki ta ci gaba da juya kifi a kan banda. Ga shi tari ya fara kama ta, muryar tana raguwa. Tsoro nake ji sosai kada ta tafi da sauran.

Wata ranar kasuwa ta zo Yelwa sayar da kifi, na ce zan raka ta gida a jirgin ruwa. Jirgin ya cika maƙil da mata da buhunan gero. Mun yi nisa cikin tafki sai na ji muryar Gwaggo tana tashi daga can baya, alhali ga ta kusa da ni bakinta a rufe. Wayar wani mai sayar da komar kamun kifi ce.

Na tambaye shi inda ya samu. Ya ce a rumfar masu cajin waya aka zuba masa a memori. Wata mata ta ce ita a Wara aka tura mata, wani kuma ya ce har Shanga ya ji ana sa ta. Ashe mutum ɗaya ne ke sauko da waƙar daga shafina, akwatin ya ƙirga ɗaya, daga nan ta bi waya zuwa waya. Mutanenmu ba sa zuwa shafi, junansu suke turawa. Kaina ya yi girma a wurin nan, har na so in miƙe tsaye cikin jirgi.

Da waƙar ta kai inda ake ambaton mashayar garin, wata tsohuwa ta karɓi amshi, wasu matan suka bi ta. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Babu wanda ya san mai waƙar tana cikinsu.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Sannan ta waiwaya ta ce wa mai wayar, "Malam, kashe abin ga. Akwai wadda ta hi ta."

Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ɗauko wata waƙa da ban taɓa ji ba tun da nake. Matuƙin ya rage ƙarar inji ba tare da an ce masa ba. Na ciro wayata na fara ɗauka.

Ta dakata a tsakiyar baiti ta harare ni. "Kai ɗana, matso da ita kusa mana. Iska na kwashe rabi."