Matar da ta koya wa unguwarmu kashe waya

Kafin a ɗaga labulen ƙofar gidan wanka, Fumie-san, kamar yadda muke kiranta da girmamawa, ta riga ta gama rigima da tukunyar ruwan zafi, ta jera tasoshi, ta goge madubai, ta cika firij da kwalaben madara. Sai rana ta ɗan karkata take hayewa kujerarta ta bayan kantar karɓar kuɗi, wadda ta lotsa daidai zamanta, ta ajiye gwangwanin alewa a hannun dama, ta fara karɓar mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasarsa da tawul a hammata. Gidan wankan unguwarmu a garin Amagasaki ba nata ba ne. Mai shi yana can Kobe, ba ma ganinsa sai bututu ya fashe. Amma ka tare duk tsohon da ke layinmu ka tambaye shi inda za shi, ce maka zai yi wajen Fumie, sai ka ce ita ce ruwan zafin.

Shekarunta talatin da ɗoriya a kan kujerar nan, kuma ƙarshen watan nan za ta sauka, don gwiwoyinta sun ce su kam sun gaji. Ba za a yi mata taro ba, mai gidan ma ba na jin ya san ranar. To ni ba zan bari ta fice shiru ba, ko da za ta zage ni in ta karanta wannan.

An ɗauke ta aiki ne ta karɓi kuɗin wanka ta miƙa sabulu. Ɗaya aikin, ita ta ɗora wa kanta, tun lokacin da ɓarayin waya suka gano cewa tsofaffin unguwarmu sun fi awara laushi. Yau su ne banki, gobe kamfanin gas, jibi kamfanin waya, da murya mai daɗi da ladabin da ko surukinka ba zai yi maka irinsa ba. Mu kuwa muna da ciwon da aka haife mu da shi: rusuna wa waya muke yi kamar mai maganar yana gabanmu, kuma an rene mu a kan cewa wanda ya kira shi ke fara ajiyewa. Ka kashe waya mutum yana tsakiyar magana? Wasunmu gara su fita titi ba takalmi. Ɓarayin sun san da haka sarai, da shi suke cin abinci.

Daga kan kujerarta Fumie-san ke gane mai kira ba tare da ta ji muryarsa ba. Na taɓa tambayar ta yadda take yi, ta ce:

"Abu mai sauƙi. Wanda ɗansa ya kira, a tsaye yake yana masifa. Wanda matarsa ta kira, 'to, to' yake yi yana kallon silin. Amma in ka ga tsoho ya juya wa mutane baya, ya rufe baki da hannu, yana ta rusuna wa firijin madara, to ɓarawo ne a kunnensa."

Ba ta fizgar waya daga hannun kowa. Ta ce in ta fizge yau, gobe a gida wa zai fizge maka? Sai ta buɗe makaranta a zauren shiga. Akwai wata tsohuwar waya ruwan hoda a kusurwa, tun ta zamanin jefa kwabo. Sai ta zaunar da kai gabanta, ta kira ta da wayar da ke kan kantarta, ta maƙale murya ta zama ma'aikaciyar banki, ta ce asusunka na cikin haɗari, a yi sauri, kada ka gaya wa kowa, kada kuma ka ajiye. Aikinka ɗaya ne, ka kifa wayar tana cikin magana. Wanda ya iya ya samu alewa, wanda ya kasa ya sha dariya. Takan ce duk kamfanin gaskiya ba ya fushi don ka kashe ka sake kiransa da lambar da ke bayan katinka.

Ɗalibar da ta fi kowa ita ce Tatsumi-san mai awara, wadda dama can ba ta da dogon haƙuri. Ita har ta wuce malamarta. Ta kashe wa likitan haƙorinta waya, ta kashe wa surukinta, kuma na biyun ta ce da saninta ta yi.

Daƙiƙin ajin kuwa shi ne Shiraishi-san. Dattijon nan ya yi rayuwarsa yana sayar da yadi a babban kantin nan na tsakiyar gari mai hawa da yawa, kuma ladabi ya shige masa har ƙashi. Ni na gan shi da idona ya taka wutsiyar kyanwa, ya tsaya ya ba ta haƙuri yadda ya kamata. In Fumie ta kira shi a wayar hoda, sai ya miƙe tsaye, ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya jira ta fara ajiyewa.

"Haba Shiraishi-san, na kwashe maka komai fa," in ji ta. "Har gidanka na sayar."

"Na sani, Fumie-san. Amma ba ki ƙarasa maganarki ba."

Muna dariya, ita ba ta yi sosai, domin ta san abin da ke cikin asusunsa. Matarsa Kinuyo tana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta ci ƙarfinta. A kantin nan suka haɗu, ita ce mai tsayawa cikin lif da fararen safar hannu tana kai mutane saman bene. Yanzu ba ta san sunansa ba. In ya shiga ɗakinta, sai ta gyara zama ta rusuna ta ce, "Barka da zuwa, hawa na nawa za ka?" Shi kuma ya ce, "Na can ƙarshe, in ba damuwa." Ɗan abin da suka tara shi ke biya mata wannan ɗaki mai taga, wurin da kaɗai ba ta firgita. In kuɗin nan ya tafi, ɗakin ya tafi.

Wata rana da la'asar ya fito daga wanka, tawul a ka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, sai wayarsa ta yi ƙara. Fumie-san na ƙirga wa wata canji, amma ido ɗaya na kansa. Ta ga ya miƙe zumbur, ya haɗe dugadugansa, ya juya ya fuskanci firij, ya rusuna irin rusunawar da ba ta taɓa ganin ya yi wa ɗan Adam ba. Tawul ya faɗi bai sani ba. Ta ture canjin, ta sauko da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta shiga tsakaninsa da firij ta tsaya.

Ya toshe wayar da tafin hannu ya yi raɗa, idonsa har ƙyalli yake.

"Kantinmu ne. Sun ce wani ya yi sayayya da katina. Za su turo ma'aikaci gida ya karɓa a canja mini, lambar sirri kawai suke so. Sun ce kada in gaya wa kowa."

"To ga shi ka gaya mini. Kashe."

"Fumie-san, kantinmu ne fa. Su suka ciyar da ni."

Nan ne hankalinta ya tashi, ta gaya mini daga baya. Mutumin da ya kasa kashe mata waya a wasa, yaya zai kashe wa kantin da ya bauta wa tun yana saurayi? Ta ji hannunta na ƙaiƙayin fizga, ta danna shi cikin aljihu.

"Tsaya in tambaye ka," ta ce. "Duk shekarunka a can, ka taɓa tambayar mai sayayya lambar sirrinsa?"

"Ni? Da an kore ni kafin rana ta faɗi."

"Ka taɓa ce wa baƙo ya yi sauri?"

"Ba a gaggauta baƙo a kantinmu."

"Ka taɓa ce masa ya ɓoye wa matarsa?"

Muna jin muryar can ƙasa-ƙasa tana ta kiran sunansa da ladabi. Muka ga jinin fuskarsa ya tashi daga wuya har kunne. Ashe kuɗinsa ba su tayar masa da hankali ba kamar a ce wani yana can yana zubar da mutuncin kantinsu. Ya mayar da wayar kunne, ya rusuna sau ɗaya, don hali ba ya barin mutum rana guda, ya ce:

"Ka yi haƙuri da katse ka. Ban san inda kake aiki ba, amma ba a kantinmu aka horar da kai ba. Yanzu zan yi maka rashin ladabi."

Babban yatsansa ya tsaya a kan wayar. Tatsumi-san ta ce, "Danna mana, Baba, ba cizo take ba." Ya rufe ido ya danna. Sai ya zame kan benci kamar wanda ya sauke buhun shinkafa, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa aikata mugun abu irin wannan ba, kuma abin kunyar shi ne ya ji daɗi.

Fumie-san ba ta bar shi ya huta ba. Ta sa shi ya kira kantin da lambar da ya haddace tun yana ɗan sabon shiga, suka ce ba su san zancen ba. Ta kira ofishin 'yan sanda na bakin tasha, suka je suka zauna a gidansa suna shan shayi, ma'aikacin nan kuwa har yau bai iso ba. Sannan ta buɗe masa kwalbar madara, ta ce ya sha, ita za ta ji da mai gidan wankan. Ya kama ƙugu ya shanye, takalmi ɗaya na nan a hannunsa.

Ke ce, Fumie-san. Ke ce mai alewa a dama, masifa a hagu. Ba wanda ya biya ki don ki kula da wa ke rusuna wa firij. Da kin ce ba ruwanki, ba mai ganin laifinki. Mun yi miki gunaguni a bayan ido cewa kin cika shisshigi, ni ma ina cikinsu, kuma dukkanmu mun dawo mun zauna gaban wayar hodar nan kamar 'yan firamare. Ba ki taɓa kiran kowa wawa don an kusa cutarsa ba, shi ya sa muke iya gaya miki abin da muke ɓoye wa 'ya'yanmu.

Makon da ya wuce 'yarta ta zo taya ta haɗa kaya, don can wajenta za ta koma. Fumie-san ta ga bai dace Shiraishi-san ya ji labarin tafiyarta a bakin wani ba, sai ta ari wayar 'yar, a nan zauren gidan wankan, ta kira shi. Lamba ce da bai sani ba. Ta ce, "Shiraishi-san, ni ce, akwai wata magana mai muhimmanci," sai ta ji ƙit. Ta tsaya tana kallon wayar. Ba a jima ba sai ga shi ya ɗaga labule yana haki, ko tasa bai ɗauko ba.

"Fumie-san, sun sake kira. Mace ce wannan karon. Ta ma yi ƙoƙarin kwaikwayon muryarki, amma tata ta fi taki tsufa."

Tatsumi-san ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Fumie-san ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta fasa. Ta jawo gwangwanin alewar nan gaba ɗaya ta miƙa masa, ta juya tana goge madubin da ta riga ta goge. Na daɗe da saninta, ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar.

Mun gode, Fumie-san, a madadin duk masu zuwa da tasa a hammata. Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da kujera a bayan kanta ba. Akwai tsoho a layinku da ladabi zai iya talauta shi. In kun gan shi ya rufe baki yana rusuna wa bango, ku matsa kusa ku tambaye shi wa ke magana, ku tsaya tare da shi har ya danna da yatsansa.

Jiya Shiraishi-san ya je duba matarsa, ya kai mata alewa daga gwangwanin. Tana zaune a bakin tagarta, a ɗakinta. Ta gyara zama, ta rusuna, ta tambaye shi hawa na nawa za shi.