Geron Tururuwa

Ajina biyu a boko aka sallame ni, amma a gidanmu na Karare ni ne mai karanta takarda. Ba wanda ya taɓa gwada ni.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, yayana yana tuƙin babbar mota a Kaduna. Ɗansa na fari, ɗan shekara takwas, ba ya iya zama wuri ɗaya. Malamai suka ce ko ya natsu ko ya bar makaranta. Uban ya kai shi wajen wani likita a birni, ya dawo mana da shi, da ƙwayoyi farare, da takarda. Na riƙe takardar, na ɗan motsa leɓe.

"Ɗaya kullum da safe," na ce. Abin da na ji yayana ya faɗa a zaure ke nan. Sauran layukan na bar su yadda na gan su.

Yaro ya natsu. Ya rage cin tuwo, amma ya natsu. Sati na uku ya fara kakkaɓe hannuwa.

"Baffa, cire min su."

"Su wa?"

"Tururuwa mana. Ga su har wuya."

Fatarsa kuwa fes. Inna, kakarsa, ta ce fitsari ya yi a gidan tururuwa, masu wurin suka yi fushi, sai a ba su haƙuri da gero. Kwana bakwai ina zuba gero a ramin bayan gida, in dawo in ba shi ƙwayarsa. Ya yi ta susa har jini. Tururuwar gaske suka ƙoshi, suka biyo sawuna har rumbu.

Ran kasuwar Batsari na kai shi wajen malamin asibiti a wanke ciwon. Ya nemi takardar.

"Malam, wa ya karanta muku wannan?"

"Wani ne."

"Wanin nan bai ga inda aka ce in yaro ya fara ganin abin da babu, a tsayar a komo ba?"

"Idonsa ne ba shi da kyau."

Ya ce ba kasafai maganin ke yin haka ba, amma yana yi. Aka tsayar. Bayan kwana biyu tururuwar jikinsa suka tafi. Inna ta ce gero ne, ban yi musu ba.

Natsuwar ma ta bi su, malaman makaranta suka cika alkawari, suka sallame shi. Yayana ya ƙi a gwada wani magani. Yaron ya bi shanun kawunnansa wajen Safana.

Yanzu ya yi furfura. In takarda ta zo gidansa, a gaban mutane yake miƙo min ita.

"Baffa, motsa mana leɓe."