Ruwan Tsiro Daga Gidan Inna

Kwana shida Iya, mahaifiyata, ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa, shi ma da cokali ake ɗura mata. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kayar da ita a bakin murhu. Muka yi mako biyu a asibiti, aka sallamo mu muka dawo gida Ƙaraye, da sharaɗin ta riƙa cin abinci kafin ta sha magani. Matata ta dama koko, ta dama kunun gyaɗa, ta dama fura da nono har ta yi ruwa-ruwa. Ko wanne aka kai bakin Iya sai ta datse haƙora ta juya fuska bango. Ina ganin ƙashin wuyanta yana ƙara fitowa kullum, ni kuma ban da addu'a ba abin da na iya.

Da safiyar kwana na bakwai, bayan na dawo daga masallaci, ta kama hannun rigata da hannunta mai lafiya. Harshenta ya karye, magana sai a hankali. Ta faɗi wani suna. Na sunkuya, ta sake faɗa, sannan ta ƙara da kalma ɗaya: "Tsiro."

Matata ba ta gane ba. Ni na gane.

Sunan yayar Iya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iya a gidan Maguzawa aka haife ta, a wani ƙauye can bayan Fulatan, ta musulunta kafin ta auri mahaifina. Yayarta kuwa tana nan kan abin da ta tarar da iyayensu, kuma sana'arta dafa burkutu. Iya ta taɓa ba ni labari, ina ƙarami, cewa ranar da aka fara dafa tsiron dawa, kafin ya kwana ya yi tsami ya zama giya, ruwan nan zaƙi gare shi kamar zuma, kuma shi ake ɗiba wa yara a ƙoƙo. Shi take nema.

Abin da ya dame ni ba nisan ƙauyen ba ne. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ranar sunan ɗana na fari, wannan yayar tata ta zo da ƙwaryar gero a ka da kaza a hannu. Lokacin ina ji da ƙuruciya da sabon karatu, an ba ni aji a Islamiyya, malamai cike da ƙofar gida. Na tare ta a zaure na ce ta koma da kayanta, ba ma cin abin da aka samu da giya. Ta juya da kayanta. Iya ma ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba.

Na ce wa matata zan fita. Ta tambaye ni ina, na gaya mata. Sai ta ce, "Malam, idan wani ya gan ka fa?"

Na ce, "Ya gan ni."

Tsakiyar damina ce. Daga Ƙaraye zuwa Rogo babur ya tafi lafiya, amma da na saki babbar hanya sai laka da kwazazzabai. Sau biyu ina sauka in tura. Dawa ta fi tsayina hagu da dama, ba na ganin komai sai ganye. A duk inda na tsaya tambaya, sai mutum ya dubi gemuna da hulata, ya dubi wandona da bai kai idon sawu ba, ya ce bai san gidan ba. Wani tsoho mai cirar ciyawa ne ya tausaya mini da na ce masa uwata ce ba lafiya. Ya ce in bi turbar shanu har in ga rimi, daga nan kunnena zai kai ni, don yau ranar sha ce.

Haka kuwa aka yi. Tun kafin in ga danga na fara jin garaya, da caki, da shewar mata. Sai wari ya biyo baya, wani tsami-tsami haɗe da hayaƙin itace. Na jingine babur a gindin rimin na tsaya. Na fi minti goma a tsaye. Da na tuna yadda Iya ta kama mini riga, sai na kutsa.

Fili ne babba a bayan gida, an kafa rumfar kara. Mutane za su kai talatin, maza da mata, a kan kututture da benci, kowa da ƙoƙo a hannu ko a gabansa. A tsakiya wani dattijo mai ido ɗaya yana kaɗa garaya, mata biyu suna girgiza masa gora, wata tsohuwa ta ɗaure gyale a ƙugu tana taka rawa, ana yi mata guɗa. Can gefe manyan tukwane jere a kan murhu, baƙi ƙirin, ko wacce za ta ɗauke ni a tsugune.

Na yi sallama. Garaya ta tsaya cak. Wasu suka tura ƙoƙunansu ƙarƙashin benci, wani ya miƙe ya zame ta bayan danga. Sun ɗauka na zo da masu fasa tukwane ne, sauran suna bayana.

Mai garaya ne ya amsa. Ya ce, "Maraba da Malam. Wa'azi aka zo yi mana, ko ƙishirwa ce?"

Aka yi 'yar dariya, ta tsoro. Na ce ni kaɗai ne, kuma mai gidan nake nema.

Tana tsaye bakin wata randa da ludayi a hannu. Ban buƙaci a nuna mini ita ba. Goshin Iya ne, da tsagar Iya a kumatu, sai dai ita ta fi tsawo kuma rana ta fi cin ta. Na je gabanta na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya. Ya damina?"

"Damina ta yi kyau." Ta cika wa wani mutum ƙoƙo ta miƙa masa, ba ta dube ni ba. "Ɗan wa ke nan?"

Na san ta gane ni. Na faɗi sunan Iya na yarinta, wanda ba a kiran ta da shi a Ƙaraye.

"To," in ji ta. "Ta rasu ne?"

"Tana da rai. Amma kwana bakwai ba ta ci abinci ba. Yau da safe ta kira sunanki, ta ce tsiro."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa mai garaya ya ci gaba, baƙonta ne. Kiɗa ya tashi, a hankali da farko.

Ta ce, "Ka makara. Mai zaƙin shekaranjiya aka yi shi. Wannan duk ya nuna, in ka kai mata ka kai mata giya."

"Ba ko kaɗan da ya rage?"

"Ba ya ragewa. Kwana ɗaya yake yi ya juya."

"Yaushe za a sake dafawa?"

"Wani makon."

Iya ba ta da wani makon, ni na sani. Ban san sa'ad da na dafa ƙasa da hannu biyu ba. Na ce, "Inna, don Allah. Abin da na yi miki na yi, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Amma ita ba ta yi miki komai ba. Ko a gidan wa ake dafawa yau, ki gaya mini in je, ko ina ne."

"Ba ta yi mini komai ba," ta maimaita. "Tana cikin ɗaki ranar, tana jin ka. Ba ta fito ba."

Hawaye suka zubo mini, a gaban mashaya, garaya tana tashi a bayana. Wata mata da ke kusa ta kau da kai.

Inna ta ce, "Tashi, kana ɓata rigarka. Zauna can."

Ta nuna mini turmi a kife kusa da murhu. Na zauna. Ita kuma ta ci gaba da sallamar mutane kamar ba ni a wurin. Wannan zaman shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ban san ko ta yanke shawara ba, ko so take in gaji in tafi. Ina duba waya, ba sabis, ba yadda zan san ko Iya tana numfashi. Mai garaya ya saki jiki, ya shiga waƙa yana kama sunan mutane ɗaya-ɗaya, wanda ya noma gona da yawa da wanda matarsa ta fi shi noma, ana ta dariya. Har ni bai bari ba. Ya sa ni a waƙar, wai ga malami ya zo gidan innarsa an ba shi turmi, ya rasa inda zai sa idonsa. Mutane suka juyo suna dariya, ba ta mugunta ba. Wani ya miƙo mini dafaffiyar gyaɗa a leda. Na karɓa na riƙe, ban iya ci ba.

Rana ta karkata. Inna ta zo wucewa da itace, ta dube ni ta ce, "Ba ka yi sallarka ba."

Ta shiga cikin gida ta fito da buta da tabarma. Ta ce na ɗanta ne da ya musulunta, yana aiki a Rogo Sabon Gari, in ya zo da su yake amfani, giya ba ta taɓa taɓa su ba. Ta nuna mini bayan rumbu. A can na yi azahar, ina jin caki. Ban taɓa roƙon Allah kamar yadda na roƙe shi a bayan rumbun nan ba.

Da na sallame na tarar da ita tsaye tana jira na. Ta canza zane, ta yafa gyale, ga wani ƙullin buhu a hannunta. Ta kwance bakinsa ta nuna mini: busasshen tsiron dawa ne, jajaye, da 'yan saiwoyinsu a murɗe.

"Na wani makon ne," in ji ta. "In na ba ka, matarka ba za ta iya ba. Wuta gare shi, in ta yi yawa zaƙin ya mutu." Ta ɗaure buhun. "Tana gane mutane?"

"Tana ganewa."

"In na je, a zaure zan tsaya?"

Na ce, "A ɗakinta za ki sauka, Inna."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. Ta kira surukarta ta miƙa mata ludayi, ta gaya mata randar da za a buɗe in wannan ta ƙare. Da muka ratsa rumfar, mai garaya ya sassauta kiɗa ya ce a gaida mai jiki, ya ce tare suka yi wasan ƙasa da ita. Mutane da yawa suka ce Allah ya ba ta lafiya.

Ba ta saba hawa babur ba. Ta riƙe kafaɗata da ƙarfi har na ji farcenta. Kafin mu kai Rogo ruwa ya sauko, ta cusa buhun cikin zanenta ta duƙa a kansa don kada ya jiƙe. Ban tsaya fakewa ba, ita ma ba ta ce in tsaya ba.

La'asar sakaliya muka isa. Akwai mutane a ƙofar gida, 'yan dubiya, har da abokan koyarwata biyu. Da na ga taron na ɗauka Iya ta cika, sai matata ta leƙo ta ce da sauƙi, tana nan. Na ce wa mutanen, "Innata ce, yayar Iya." Na wuce da ita ciki.

Ba ta fara shiga ɗakin ba. Ta ce a ba ta turmi. Ita da matata suka daka tsiron, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwa, ta ɗora a ƙaramar tukunya. Ta zare itace ta bar garwashi kawai, tana tsoma ɗan yatsa tana gwada zafi, tana juyawa da muciya. Ta daɗe a haka kafin ta ƙara wuta ya tafasa. Ta tace da tsumma mai tsabta, ta fifita shi a ƙoƙo. Ta miƙo mini ta ce in ɗanɗana, don hankalina ya kwanta. Na kurɓa. Zaƙi ne kawai, da ƙamshin dawa.

Sannan ta ɗaga labule. Iya tana kwance fuskarta a bango. Inna ta zauna bakin gado ta kira ta da sunan yarinta. Iya ta juyo a hankali. Ɓarin fuskarta mai motsi ya shiga rawa, tana son magana, ta kasa.

"Bari," in ji Inna. "Sha tukuna."

Ta tallafo kanta ta kai mata cokali. Iya ta buɗe baki. Na ƙirga cokali tara kafin ta gaji. Na fita tsakar gida na zauna a ƙasa.

Washegari ta sha rabin ƙoƙo. Kullum da safe Inna take dafa sabo, kaɗan, abin da ya rage kafin yamma ta zubar da hannunta. A kwana na huɗu Iya ta karɓi koko, daga baya har tuwo mai laushi. Ba ta sake takawa ba, maganarta ma ba ta dawo daidai ba, amma Inna tana gane ta fiye da mu. Sai in ji su daga tsakar gida, ɗaya tana ba da labarin mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, ɗayar tana dariya da rabin baki.

Mako uku Inna ta yi a gidana. Iya ta rayu har bayan girbi, ta rasu wata ranar Laraba da hantsi. Ni na je na ɗauko Inna, ta zauna cikin mata aka karɓi gaisuwa da ita har kwana bakwai, sannan na mayar da ita gida.