Tekun da ke ƙarshen baranda

Yayana mai fentin gidaje ne. Duk rayuwarsa shafe bango yake yi sumul, in ya ga sawun buroshi a aikin wani sai ya ja tsaki. Amma abin da ya fi so bayan 'ya'yansa, wani zane ne na fentin mai, wanda ba komai a jikinsa sai sawun buroshi. A wani gida da ya je aiki aka ba shi, da ma jefarwa za a yi.

In ka matsa kusa, wallahi kwaɓa ce kawai: shuɗi, fari, ɗan ja, kamar an goge hannu. Na sha yi masa tsiya a kai. Sai ya kama hannuna ya yi ta ja na baya har bakin ƙofa.

"To, Auta, duba yanzu."

Sai ga teku. Ga rana tana rawa a kan ruwa, ga kwale-kwalen masunta, ga wata mata da lema a gaɓa. Shi kuwa bai taɓa ganin teku da idonsa ba. A ƙarshen baranda ya rataye shi. Kullum in ya dawo aiki sai ya kai kujera can ɗaya ƙarshen barandar ya zauna, ko kayan aiki bai tuɓe ba.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, baki ya tafi, ƙafa ta tafi. Ɗansa ya mai da shi ƙaramin ɗaki. Na kira daga garin da nake aure, na tambayi zanen.

"Gwaggo, kar ki damu. Na kafa masa a jikin gado, dab da fuskarsa. Kullum in ya kalla har hawaye yake yi don daɗi."

Na ce, "Kai, cire ka kai masa nesa. Daga nan ba abin da yake gani."

Ya ce to. Irin to ɗin yaran yanzu. Har gobe ina jin haushinsa, duk da na san don ƙauna ya yi.

Ban samu zuwa ba sai ranar jana'iza. Zanen yana nan inda aka kafa shi. Na kwanta a gadon, na sa kaina a gurbin da kansa ya bari a matashi, na juya ɓangaren da yake kwanciya. Shuɗi, fari, ɗan ja. Wata da watanni abin da ya kalla ke nan, ba bakin da zai ce a ja shi baya.