Ni da Keken Mata

Likita ne ya ja mini. Ya duba takardar gwajin jini, ya dubi tumbina, ya ce ko dai in soma motsa jiki ko in soma shan ƙwaya kullum. Tafiyar ƙasa ba ta burge ni, don haka na yanke shawarar sayen keke in riƙa zuwa ofis da shi daga unguwarmu ta Arkilla. Rabona da hawa keke kuwa tun ina sakandare.

Maƙwabcina, wani malamin makaranta ɗan Filato, ya ce zai raka ni. A cikin duwatsu ya tashi, saboda haka a wurinsa keke ɗaya ne a duniya, mai kaurin taya. Ranar Asabar da hantsi muka shiga motarsa zuwa wani shago wajen Gidan Igwai inda ake sayar da kekunan gwanjo.

Mai shagon dattijo ne, yana zaune a benci yana ɗaure sarƙar wani keke. Bayan gaisuwa ya dube ni ya ce, "Alhaji, wace hanya kaka bi, kwalta ko rairayi?"

Na ce duka biyun. Daga ƙofar gidana zuwa titi rairayi ne, sauran kwalta.

Kafin ya ce wani abu Malam ya riga ya janyo mai kaurin tayar. Na hau. A rairayin bayan shago ya tafi lafiya lau, amma ina hawa kwalta ya soma gurnani, ina taka feda kamar mai jan saniya zuwa kasuwa. Na dawo jiƙe da gumi. Sai na gwada wani siriri na tsere, mai kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Wannan sai ka duƙa kamar mai ruku'u kafin ka kama birki. Bayana ya ba da wata ƙara, tayar kuma ta nutse a rairayi, na dire da ƙyar.

Sai a lokacin dattijon ya tashi. Ya shiga ciki ya turo wani baƙi, tayarsa ba kauri ba siranta, kansa a miƙe.

Ya ce, "Wanga ruwa biyu ne. Ba na dutse ba, ba na tsere ba. Zaune zaka yi kamar bisa kujera."

Na ɗaga ƙafa zan tsallake ƙarfen tsakiya, sai kaftanina ya maƙale a sirdi, na ji ya ɗan kece daga gefe. Dattijon bai yi dariya ba. Ya koma ya turo wani irinsa sak, sai dai shi shuɗi ne, kuma ƙarfensa ya sauko ƙasa, ƙafa kawai za ka zura.

Malam ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa na mata ne."

Dattijon ya ji. Ya ce, "In wando da 'yar shat zai riƙa sawa, shi ɗauki baƙin. In kaftani ne, wanga."

Ni dai na san ba zan je ofis da 'yar shat ba. Na tattare rigata na hau. Na je ƙarshen layi na dawo, na sake komawa ba don gwaji ba, don daɗi. Muka daidaita, aka ƙara mini kariyar ɗora kaya da ƙararrawa, na hau abina har gida, Malam na biye da ni a mota a hankali, duk inda na waiga yana dariya.

Ranar Litinin na isa ofis, maigadi ya buɗe mini ƙofa fuskarsa cike da tausayi. Ya ce, "Yallaɓai, Allah shi mayar da alheri. Motar ce?"

Na ce mota tana gida lafiyarta ƙalau. Bai yarda ba. Kafin azahar mutum uku sun ba ni lambar bakanikensu, ɗaya har ya ce zai riƙa biyo mini da safe. Da na fito zan tafi, na tarar maigadi ya janye keken daga rana ya jingine shi a inuwar dogonyaro, ya rufe sirdin da kwali. Na gode masa, na kaɗa ƙararrawa sau biyu, na kama hanyar gida.